Su wa suka cika tsaunukan Kan'ana, kuma wa suke bauta wa?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Jama'a ina da tambaya, kuma ina roƙon a amsa ta da sanyin rai, don ta taɓo littattafan addini. Wani yaro a ajina ya ce mini, idan Bani Isra'ila sun shiga ƙasar Kan'ana da yaƙi bayan Annabi Musa, ina kufan garuruwan da suka ci, kuma me aka tono a ciki? Na ce masa zan duba. Da na duba sai na tarar masu tonon tarihi wata magana daban suke yi. Wai ƙananan ƙauyuka ne suka ɓullo rututu a kan tsaunuka wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya, kuma wai mutanen cikinsu 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba. Har wasu na cewa ba Allah ɗaya suke bauta wa ba a lokacin. Anti Rakiya, wannan gonarki ce. Malam Bitrus, kai ma kada ka yi shiru.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Sabo, ka ce wa yaron ya buɗe Suratul Ma'ida daga aya ta 20 zuwa ta 26. An ce su shiga ƙasa mai tsarki, suka noƙe, aka haramta musu ita shekara 40. Ni wannan ya ishe ni. Bature da shebur ɗinsa ba abin da zai ƙara mini.

Rakiya: Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Shebur ba ya tono aya, wannan gaskiya ne. Amma yana tono tukunya da toka da ƙashi, kuma yaron Malam Sabo su ya tambaya. Bari in fara da abin da kusan kowa ya yarda da shi.

Ƙasar Kan'ana kashi biyu ce ga mai kallon taswira. Akwai kwari da bakin teku, inda manyan birane masu sarakuna suke, irin su Magiddo da Hazor da Lakish da Gezer. Sannan akwai jerin tsaunuka a tsakiya, daga wajen Jenin ta yau, ta Nablus da Ramallah da Kudus har Hebron. A ƙarshen Zamanin Tagulla waɗannan tsaunuka kusan fayau suke, matsugunan da aka gano ba su wuce 30 ba. Sai tsakanin 1200 da 1000 kafin Miladiyya adadin ya tashi zuwa kusan 250. Israel Finkelstein na Jami'ar Tel Aviv, wanda ya taka yankin da ƙafa yana tsintar tsingaro, ya ƙiyasta mutanen da kusan 45,000 a ƙarshen wannan lokaci.

Ƙauyukan fa ba wani abin a zo a gani ba ne. Yawancinsu ba ganuwa, ba fada, ba ɗakin bauta, ba kayan ƙawa na ƙetare. Gidan dutse mai ginshiƙai da ɗaki uku ko huɗu, dabbobi a ƙasa, mutane a soro. Ramukan ajiyar hatsi da aka jera wa duwatsu. Rijiyoyin tara ruwan sama da aka sassaƙa cikin dutse. Sai wata ƙatuwar randa mai tsawon fiye da mita 1 da ke da zobe a gindin wuyanta kamar an ɗaura mata igiya. Iyakar dukiyar ke nan.

Nafisa: Anti, to ai wannan bai hana a ce su ne suka zo daga Masar suka zauna ba.

Rakiya: Bai hana a faɗa ba, ƙanwata, sai dai tukwanen ba su goyi baya ba. Wanda ya yi ƙarnuka a Masar, in ya tashi zai zo da hannunsa: yadda yake gina tukunya, yadda yake gina ɗaki, wani abu na rubutu. Tukwanen girkin waɗannan ƙauyuka jikokin tukwanen Kan'aniyawa ne kai tsaye, sai dai sun fi su talauci. Rubutun ma haka. A Izbet Sartah an tsinci wani tsingaro a 1976 da wani mai koyo ya yi ta karta haruffan abajada a kai, kuma haruffan Kan'ana ne, ba zanen Masarawa ba. Ibrananci kansa ɗan'uwan harshen Finikiyawa da Mowabawa ne, kusancinsu ya kai su ji juna.

Bitrus: Salama gare ku duka. Anti Rakiya, kafin ki yi nisa bari in sa baki, don kada a ɗauka Littafi Mai Tsarki murya ɗaya yake da ita a kan wannan. Littafin Joshuwa ya ba da labarin yaƙi mai sauri, gari bayan gari. Amma ka juya shafi zuwa babi na 1 na Littafin Mahukunta, za ka ga jerin garuruwan da ba a iya ci ba: Bet-sheyan, Ta'anak, Dor, Magiddo, Gezer. Har ya ce Yahuza ya mallaki ƙasar tuddai amma bai iya korar mutanen kwari ba domin suna da karusan ƙarfe. Wato Littafin da kansa ya ajiye su a kan tsauni, daidai inda Anti ta ce an sami ƙauyukan. Annabi Ezekiyel kuma a babi na 16 ya ce wa Urushalima, wato Kudus, asalinta da haihuwarta daga ƙasar Kan'aniyawa ne. Ni dai ban ga abin tada hankali ba.

Malam Sabo: To Yariko fa, Malam Bitrus? Yaron nan da ganuwar Yariko, wadda aka ce ta rushe a gaban Joshuwa, ya fara ni.

Bitrus: Nan ne gizo ke saƙar, ba zan ɓoye ba.

Rakiya: Yariko ta wahalar da mutane. John Garstang ya tona ta a shekarun 1930 ya ce ya ga ganuwar da ta faɗi a zamanin Joshuwa. Kathleen Kenyon ta koma daga 1952 zuwa 1958 da aiki mafi tsanaki, ta nuna ganuwar ta girmi wannan zamani nesa ba kusa ba, kuma birnin ya ƙone tun wajen 1550 kafin Miladiyya. A ƙarni na 13, lokacin da ake sa ran yaƙin, ba wani birni mai ganuwa a wurin. Maganar garin Ai, wanda Littafin Joshuwa ya ce an ci bayan Yariko, ta fi muni. Wurin da aka fi yarda shi ne Ai ya zama kango tun wajen 2400, ya yi fiye da shekara 1,000 ba kowa. Masana da yawa ma na fassara sunan da "kufai".

Amma kada in yi rashin adalci. Hazor ta ƙone ƙurmus a ƙarni na 13, an sare kawuna da hannayen gumakanta, kuma Joshuwa babi na 11 ya ce an ƙone Hazor. Yigael Yadin da Amnon Ben-Tor, waɗanda suka tona ta, sun jingina abin ga Isra'ilawa. Sharon Zuckerman da ta yi aiki tare da Ben-Tor a wurin ta ce talakawan birnin ne suka tayar wa sarakunansu. Toka ba ta faɗin sunan wanda ya kunna wuta.

Ɗan Kurmi: Ni fa duk wannan tonon ban yarda da shi ba. A ina aka yi shi? A Gaɓar Yamma, bayan mamayar 1967. Mutum ya ƙwace ƙasa sannan ya shiga tona ta yana neman kakansa, me kuke tsammani zai samu?

Rakiya: Ƙorafinka yana kan hanya, Ɗan Kurmi. Binciken tsaunukan bayan 1967 aka yi shi, a ƙasar da aka mamaye, kuma har gobe akwai masu amfani da kufai don kafa hujjar matsuguni. Sai dai ka lura da abin da ya fito. Wanda ya je neman hujjar cin ƙasa da takobi ya dawo da labarin cewa kakannin nasa Kan'aniyawa ne da suka hau dutse. Wannan ba sakamakon da ɗan siyasa ke so ba ne, kuma Finkelstein ya sha suka a gida saboda shi.

Shugaban zaure: A tsaya kan tarihi don Allah. Maganar yau tana da nata zauren.

Nafisa: To in 'yan ƙasa ne, daga ina suka hau dutsen? Daga sama suka faɗo?

Rakiya: Nan masanan suka rabu. Albrecht Alt, Bajamushe, tun 1925 ya ce makiyaya ne suka riƙa shigowa a hankali daga bakin hamada, suna rani a tsauni har suka zauna. George Mendenhall a 1962, da Norman Gottwald bayansa, suka ce a'a, manoma ne da suka gaji da harajin sarakunan birni suka gudu. Suna kafa hujja da wasiƙun Amarna na ƙarni na 14, inda sarakunan Kan'ana ke ta kai kuka wurin Fir'auna kan wasu da ake kira Apiru, mutanen da suka fice daga ƙarƙashin kowace sarauta. Sarkin Urushalima Abdi-Heba har ƙarar 'ya'yan Labayu na Shekem ya kai, wai sun haɗa kai da su.

Finkelstein ya zo da tasa. Ya ce makiyaya ne, amma na cikin gida, waɗanda dama suna yawo a tsaunukan suna ba birane nama da fata suna karɓar hatsi. Da biranen suka durƙushe a ƙarni na 12, Masar ta janye sojojinta, kasuwar hatsi ta mutu, dole makiyayi ya kama fartanya. Ya nuna ma wannan ne karo na 3 da tsaunukan suka cika, sun taɓa cika sau biyu a Zamanin Tagulla suka sake watsewa. Hujjarsa da ta fi burge ni ita ce shimfiɗar Izbet Sartah ta farko: ɗakuna a jere sun yi ƙawanya, fili a tsakiya, kamar yadda masu tanti ke kewaye garkensu.

William Dever bai yarda ba. Ya ce makiyaya ba su da yawan da za su cika ƙauyuka 250, kuma mutanen sun iso da gwanintar noma da gini tun ranar farko. A wurinsa manoman kwari ne mafi yawa, sai tsirarun wasu.

Bappa Ardo: Malama, ni ban yi boko mai nisa ba, jikana ke karanta mini, amma maganar wancan da ya ce makiyayi ya kama fartanya ta shige ni. Mu ba mu taɓa rayuwa ba tare da manomi ba. Inna ta kai nono gari, ta dawo da gero. Ran da gero ya gagara saye, ranar Baffana ya fara noma bayan ruga, yana yi yana jin kunya. Shekara 5 ba a yi ba bukka ta zama ɗakin ƙasa. Kuma wanda ya ce makiyayi bai iya noma ba bai zauna da mu ba. Mun iya, ƙi muke yi.

Rakiya: Baba Ardo, ka ba Dever amsar da ta fi ta littafi. Ni dai inda na tsaya, taron dangi ne: makiyayan gida, manoman da suka gudu, da wasu daga gabashin Kogin Urdun da kudu. Yunwa da rashin tsaro suka haɗa su, zama ya mai da su al'umma.

Alhaji Garba: Rakiya, kin zagaya kin zagaya, ina Annabi Musa a cikin lissafin naki?

Rakiya: Baba, ƙasa ba ta nuna sawun fitar mutane masu ɗimbin yawa ta Sina'i ba. Amma ƙaramar ƙungiya ba ta barin sawun da za a gani bayan shekara 3,000. Kuma shige da fice tsakanin Masar da Kan'ana abu ne da aka saba. Akwai takardar wani jami'in kan iyaka ta zamanin Fir'auna Merneptah da ke ba da rahoton an bar makiyayan Shasu na Edom sun wuce sansani zuwa tafkuna don su rayu da dabbobinsu. Shi ya sa masana da dama ke ganin wata ƙungiya ta fito daga Masar ta haɗu da mutanen tsauni, labarinta ya zama na kowa.

Alhaji Garba: To ai kin zo gida. Suratush Shu'ara aya ta 54, Fir'auna da bakinsa ya kira su 'yar ƙungiya kaɗan. Alƙur'ani bai ba da adadi ba, bai ba da shekara ba, bai ma ambaci sunan Yusha'u, wato Joshuwa, ba. Adadin dubu ɗaruruwa da ke wasu tafsirai daga Isra'iliyyat ya shigo.

Bitrus: Ranka ya daɗe, adadin daga wurinmu yake, Fitowa 12:37, maza 600,000 ban da mata da yara. Amma kalmar Ibrananci da aka fassara da "dubu" tana kuma nufin dangi ko rukunin mayaƙa, kuma akwai malamanmu da suka daɗe suna karanta ta haka. Ba duka suka yarda ba, don wasu jimlolin a Littafin Ƙidaya ba sa daidaita da wannan karatu.

Malam Sabo: Anti, wa ya ce ma sunan mutanen nan Isra'ila? Ko mu ne muka liƙa musu?

Rakiya: Tambaya mai kyau. Ba a sami ko tsingaro ɗaya a ƙauyukan da ya ce "mu Isra'ila ne" ba. Abin da ake da shi allon dutsen Merneptah ne, na wajen 1208 kafin Miladiyya, wanda Flinders Petrie ya gano a Thebes a 1896, yanzu yana gidan tarihi a Alƙahira. Fir'auna yana kirarin ya ci Ashkelon da Gezer da Yeno'am, sannan ya ce an hallaka Isra'ila, irinta ya ƙare. Marubucin ya sa wa garuruwan ukun alamar ƙasa mai birni, ya sa wa Isra'ila alamar jama'a, zanen mace da namiji. Wato akwai mutane masu wannan suna a Kan'ana, ba su da birni, a daidai lokacin da ƙauyukan ke fara tsirowa. Haɗa biyun hasashe ne, amma hasashe mai ƙarfi. Dever don taka-tsantsan yake kiransu magabatan Isra'ila.

Da can an ɗauka gidan mai ɗaki huɗu da randar mai zobe tambarin Isra'ila ne. Sai aka same su a Magiddo, aka same su a Sahab da Tall al-Umayri a Jodan. Ashe kayan zaman tsauni ne, ba na ƙabila ba.

Nafisa: Na ji an ce ba sa cin alade. Wannan ai addini ne.

Rakiya: Ƙashin alade kusan babu shi a ƙauyukan tsauni, alhali a biranen Filistiyawa, maƙwabtansu na wajen bakin teku, irin su Ekron da Ashkelon yakan kai kusan kashi 20 cikin 100 na ƙasusuwan. An daɗe ana riƙe da wannan a matsayin hujja mafi ƙarfi. Sai binciken Lidar Sapir-Hen da abokan aikinta a 2013 ya nuna ƙauyukan yankin Filistiyawa ma ba su cika cin alade ba, Kan'aniyawan kwari ma haka, kuma daga baya a masarautar Isra'ila ta arewa an ci shi a ƙarni na 8. To ko haramci ne, ko dai alade ba dabbar mai yawo ba ce, ko kuwa ƙin kamanni da maƙwabci, ƙashi bai fayyace ba.

Bappa Ardo: Alade ba ya bin garke. Ko ba addini ba wanda zai kora shi zuwa mashaya.

Bitrus: Anti, mu shiga maganar bautar kai tsaye, don na san can za ki. Dutsen Ebal fa? Joshuwa 8:30 ya ce an gina bagade, wato wurin miƙa hadaya, a can, kuma an tono shi.

Rakiya: An tono wani abu. Adam Zertal na Jami'ar Haifa ya gano wurin a 1980 kusa da Nablus, ya tona daga 1982 zuwa 1989. Ginin duwatsun da ba a sassaƙa ba, kimanin mita 9 da 7, cike da toka da ƙonannun ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da wani irin barewa. Akwai hatimai biyu na Masar masu siffar buzuzu na zamanin Ramses na 2. Zertal ya rasu yana kan cewa bagaden Joshuwa ne. Aharon Kempinski ya ce hasumiyar tsaro ce ta gona. Da yawa a yau sun tsaya a tsakiya: wurin yanka da biki ne na mutanen tsauni, amma ba abin da ya nuna wa ake yi wa yankan.

A 2022 wata ƙungiya ta yi shelar ta samo ɗan guntun darma a tarkacen tonon, bai wuce santimita 2 ba, wai da rubutun la'ana da sunan Yahweh, sunan Ubangiji a Ibrananci, a ciki. Duniya ta ɗauka. Da masana rubutu suka duba hotunan, irin su Christopher Rollston, suka ce ba su ga haruffa ba. Amihai Mazar ya ce abin ya fi kama da darmar da masunta ke ɗaura wa koma.

Ɗan Kurmi: Daga sunan Ubangiji zuwa komar kamun kifi. Allah ya kyauta.

Rakiya: Wurin da ba a gardamar na bauta ne shi ne wanda ake kira Wurin Bijimi, a kan wani tudu kusa da Dotan. Wani soja ya tsinci ɗan bijimin tagulla mai tsawon kusan santimita 18, Mazar ya je ya tona, ya sami da'irar duwatsu mai faɗin kimanin mita 20 da wani dutse a tsaye. Ba ƙauye a kan tudun, ƙauyuka ne kewaye da shi, wato wurin haɗuwarsu ne. Na ƙarni na 12 ne.

Bijimin wa? A allunan Ugarit, birnin da aka fara tonawa a 1929 a gaɓar Siriya, babban abin bautar Kan'aniyawa sunansa El, kuma kirarinsa Bijimi. Matarsa Ashera. Ba'al mai hadari da ruwan sama shi ma ana haɗa shi da bijimi. Yanzu ku sake kallon sunan: Isra-El. Ba Isra-Yahu ba. Sunan da jama'ar ta fara ɗauka na El ne.

Alhaji Garba: Ɗan maraƙi dai. Tun Annabi Musa na raye Samiri ya ƙera musu shi, yana cikin Suratu Ɗaha. Annabi Ilyasu kuma ya ce da mutanensa, kuna kiran Ba'al kuna barin mafi kyawun masu halitta, Saffat aya ta 125. Don an tono gunki a ƙasarsu ba a ƙaryata annabawa ba, an nuna dalilin aiko su ne.

Bitrus: A nan ni da Alhaji layi ɗaya muke. Mahukunta babi na 2 ya ce sun bauta wa Ba'al da Ashtarot. Sarki Yerobowam ya kafa maruƙan zinariya a Betel da Dan. Maganar El kuwa, Fitowa 6:3 ta ce Allah ya bayyana ga Ibrahim da Ishaku da Yakubu da sunan El Shaddai, amma da sunan Yahweh ba su san shi ba. Mu a wurinmu Allah ɗaya ne ya bayyana sunansa a hankali.

Rakiya: Ga inda bambancin yake, kuma gara in faɗe shi a fili. Ku biyun kuna cewa tauhidi ne asali, gunki kaucewa ce. Yawancin masanan tarihi suna cewa abin da aka tono shi ne addinin yau da kullum na mutanen, kaɗaita Yahweh kuma daga baya ya yi ƙarfi, musamman daga ƙarni na 8 zuwa na 6. Shebur ba zai raba wannan gardama ba, don mai tauhidin da ba ya ƙera komai ba ya barin komai a ƙasa. Amma shebur yana iya faɗin abin da ya yawaita. A Kuntillet Ajrud cikin Sina'i, wajen shekara ta 800 kafin Miladiyya, matafiya sun rubuta a jikin randuna suna sa wa juna albarka da Yahweh na Samariya da Asherarsa. Shekara 400 ke nan bayan ɓullar ƙauyukanmu, kuma ba a ga alamar masu rubutun na jin sun yi laifi ba.

Sunaye ma shaida ne. Gidiyon sunansa na biyu Yerubba'al. Ɗan Sarki Saul, wanda mu Musulmi muke kira Ɗalutu, sunansa Eshba'al a Littafin Tarihi, amma a Littafin Sama'ila an mai da shi Ishboshet, mutumin kunya. Wani marubuci daga baya sunan ya dame shi. An kuma sami sunan Yerubba'al rubuce da tawada a wani guntun tulu na wajen 1100 a Khirbet al-Ra'i, kodayake can gangare ne, ba kan tsauni ba.

Alhaji Garba: A yi hattara da wannan. Ba'al a Larabci miji ne ko maigida. Matar Annabi Ibrahim ta ce "wa haza ba'ali shaikha", ga mijina tsoho, Suratu Hud. Mai yiwuwa uban yaron ubangiji kawai yake nufi.

Rakiya: Baba, wallahi haka wasu manyan masana suka ce, a Ibrananci ma ma'anar ke nan. Na karɓi gyara.

Nafisa: To shi Yahweh daga ina sunan ya zo, tunda ba ya cikin na Ugarit?

Ɗan Maiurno: Ku ba ni wannan, don a ƙasarmu amsar take. Ina gaishe ku daga Sudan. A arewa can, a gaɓar Nilu ta yamma, akwai haikalin Soleb da Fir'auna Amenhotep na 3 ya gina a ƙarni na 14 kafin Miladiyya. A gindin ginshiƙansa an zana fursunoni an ɗaure musu hannu ta baya, kowanne da sunan ƙasarsa. Ɗaya daga ciki an rubuta ƙasar Shasu ta Yahu. An sake kwafe jerin a Amara ta Yamma zamanin Ramses na 2. Mu nan mutane na wucewa ta yankin ba su san abin da ke jikin dutsen ba.

Rakiya: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, Allah ya kawo muku zaman lafiya. Abin da ya faɗa daidai ne. A rubutun sunan wuri ne ko na jama'a, amma da yawa na ganin nan ne sunan ya fara bayyana. A jerin Amara yana tare da wani suna da ake karantawa Seyir, wato yankin Edom, kudancin Jodan. Malam Bitrus, faɗa musu abin da Waƙar Debora ta ce.

Bitrus: Mahukunta 5:4, tana cikin mafi tsufan waƙoƙin Littafin. Ta ce Yahweh ya fito daga Seyir, ya taso daga filin Edom, ƙasa ta girgiza. Maimaitawar Shari'a 33 ma ta ce daga Sina'i ya zo, daga Seyir ya haskaka. Kuma Musa a Madayana yake kiwon tumakin surukinsa lokacin da aka kira shi.

Alhaji Garba: Madyana. Shekara 8 ko 10 yana kiwo a bakin sadaki, Suratul Ƙasas.

Rakiya: To kun ga inda zaren ya haɗu. Tsofaffin waƙoƙin, da rubutun Sudan, da labarin Madyana duk kudu suke nunawa. Shi ya sa ake hasashen wasu 'yan kudu, makiyaya ko fatake, suka kawo sunan tsauni, inda aka riga aka san El, a hankali aka ɗauke su ɗaya. Sai dai a ƙauyukan kansu ba a sami sunan a rubuce ba. Rubutu na farko a wajen Littafin da ya haɗa Yahweh da Isra'ila ba tantama shi ne allon Mesha sarkin Mowab, na wajen 840 kafin Miladiyya, wanda aka gano a Dhiban a 1868, yana Louvre a Faris.

Malam Sabo: Shilo fa? Na ga ana cewa can ne cibiyarsu.

Rakiya: Finkelstein ya tona ta daga 1981 zuwa 1984. Ya sami ɗakunan ajiya cike da randunan nan masu zobe, wuta ta cinye su a tsakiyar ƙarni na 11. Ginin ya fi ƙarfin ƙauye, ya yi kama da wurin da ake tara kaya daga kewaye. Ɗakin bautar kansa ba a gan shi ba, don ƙolin tudun ya zaizaye, an kuma yi gine-gine a kansa daga baya.

Nafisa: Anti, tambaya ta ƙarshe. Me ya sa ba za a gwada ƙasusuwan mutanen ba a ga jininsu, a huta?

Rakiya: Don kusan babu su, ƙanwata. Kan'aniyawan birni suna binne mutum a kogo da tukwane da kayan ado, shi ya sa ake samunsu. Ƙauyukan tsauni kuwa, duk yawansu, kaburburan da aka gano na wannan zamani 'yan kaɗan ne ƙwarai. An fi zaton rami kawai suke haƙawa a bayan gari su sa mutum ba tare da komai ba. Wasu na cewa talauci ne, wasu na cewa aƙida ce ta ƙin fifita wani a kan wani.

Bappa Ardo: Kakana a hanyar mashekari ya rasu, ana cikin tafiya da shanu. Aka yi masa sutura, aka haƙa a gindin wata tsamiya, aka jera ƙaya a kai saboda kura, aka wuce. Bara waccan na bi ta wurin da jikana in nuna masa. An sare tsamiyar, gonar masara ce yanzu, na tsaya ina ta dube-dube ban gane ko ta wane gefe ba ne.